Ranar da Madam Irma Ta Sauko da Ni Daga Dutsi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a, ranar kasuwar Dogon Dutsi, da na hau dutsen garinmu da ƙafafuna, aka maido ni gida kwance a amalanken jaki. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo mini, amma har yanzu in abokaina suka rasa abin dariya wannan labarin suke tonowa. Tun da kowa yana ba da shi yadda ya ga dama, har da ƙarin gishiri, gara in faɗi nawa da bakina.

Lokacin ina saurayi. Na zauna jarrabawar birebe, ta gama kwalej, na faɗi, na sake zama na sake faɗuwa, lekol, wato makarantar boko, ta ce in je in nemi wata sana'a. Abin da na tsira da shi kawai Faransanci ne mai ɗan dama, sai kuma baki, wanda shi dama da abina aka haife ni. Yayana Sanusi yana da shago a bakin gudron, wato babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai, ta ratsa tsakiyar garinmu, ta miƙe Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. A ƙa'ida taya shi tsaron shago nake yi. A gaskiya kuwa bencin ƙofar shagon nake tsaro.

Wanda bai ga gudron ɗin nan a waɗancan shekaru ba, da wuya ya gane. Duniya ce take wucewa ta ƙofar gidanmu. Ban da manyan kamiyo, wato motocin kaya, masu albasa da masu shanu, da sanyi ya shigo sai annasara su fara ɓullowa. Akwai masu motocin jeji da suka ɗaure jarkoki da tayoyi a bisa, suna neman hanyar Agadas. Akwai masu babura da shiga kamar za su yaƙi, in an cire hular kwano ka ga ashe wata yarinya ce. Akwai samari masu gashi kamar gemun masara da suke koro tsofaffin motoci daga ƙasarsu su sayar a nan. An taɓa yin wani ɗan Japan da ya kwana a gindin dogon yaro kusa da tasha, da safe ya bi kowa yana rusunawa, har mai shayi ya rasa inda zai sa kansa shi ma ya kama rusunawa. Da mota ta tsaya yara su yanyame ta, masu kilishi da masu burodi su taso, tsofaffi a inuwa su fara gardamar ko direban namiji ne ko mace.

Ni kuma sai na naɗa kaina gid, wato mai yi wa baƙi jagora. Ba wanda ya ba ni, ba wanda ya hana ni. Na je wajen masu bosho, wato gwanjo, na sayi wata falmaran mai aljihu ko'ina (har a gadon baya akwai aljihu, ban taɓa gane amfaninsa ba), na haɗa da baƙin tabarau da takalmi sau-ciki mai tsinin baki. Jagorancin nawa bai wuce in kai su inda za su sayi ruwan kwalba, in nuna musu mai faci, in tsaya musu wajen mai kilishi ba. Sai tarihi. In sun tambayi abin da na sani in faɗa, in sun tambayi wanda ban sani ba in faɗa da ƙarfi. (Akwai wata rijiya bayan tasha da aka gina ina ɗan lekol, na sha gaya wa baƙi cewa ta girmi zuwan Turawa, suna ɗaukarta hoto.)

Duk wannan ƙwalisa ba don annasara nake yi ba. Don Habsu nake yi. A tsallaken gudron, daidai saitin shagonmu, mahaifiyarta take da rumfar fura da nono, ita kuma Habsu take damawa. Mun daɗe muna kallon juna ta tsakanin motoci, har manya sun fara jin ƙishin-ƙishin. Sai dai Habsu ba a saurin burge ta. In na wuce da baƙi ina zuba Faransanci, iyakarta ta ɗago kai ta ce, "Sannu da aiki, mushe gid," ta ci gaba da damunta (mushen Faransanci take nufi, wato malam, ba na dabba ba). Ni kuwa burina wata rana in yi abin da zai sa ta buɗe baki don mamaki.

Wata Alhamis da la'asar sai ga wasu tsofaffi biyu a kan kekuna, miji da mata, kowane keke an rataya masa jakunkuna gaba da baya kamar jakin fatake. Rana ta gasa su sun yi jawur. Matar ƴar siririya ce, gashinta fari fat, a shekaru ta isa ta haifi Innarmu. Sunanta Madam Irma, mijin kuma Mushe Pol. Suka ce daga ƙasar Suwis suke, kuma tun daga Dakar suke tuƙo kekunan nan. Wani dattijo a inuwa da na fassara masa sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Ba su da ɗiyan da za su sai musu mota?"

Ƙafar baya ta keken mijin ta lanƙwashe, wayoyi sun tsinke, dole su tsaya a yi gyara. Na kai shi wurin mai gyaran keke, na dawo na zaunar da Madam a bencinmu, na tsallaka da kaina na karɓo mata fura. Ta sha, ta lumshe ido, ta ɗaga wa Habsu babban yatsa daga nesa. Habsu da uwarta suka tsallako kallo. Can sai Madam ta ɗaga kai ta dubi dutsen nan da ya tsaya wa garinmu a ka, rana ta faɗa masa ya yi ja kamar garwashi, ta tambaye ni ko ana hawa.

A nan ne shaiɗan ya zauna mini a harshe. Na ce ana hawa mana, amma ba kowa ba. Na ce wuri ne mai haɗari, sai da gwani, kuma ta yi sa'a gwanin ne a gabanta. Da na gama da Faransanci sai na juya na maimaita da Hausa, murya a sama, ko da yake ba wanda ya nemi fassara.

"Cewa ta yi in kai ta bisa dutsi. Na ce mata wanga ai wurin hutawata ne, can nika zuwa shan iska."

Habsu ta dube ni, ta dubi takalmina. "Kai ɗin?"

"Ni ɗin."

Gaskiyar magana, a gindin dutsen nan aka haife ni amma ban taɓa hawansa ba. Ba ni kaɗai ba, yawancinmu haka muke. Me za ka je yi? Ba ruwa, ba gona, ba kasuwa, ga shi manya suna cewa wurin yana da mai shi, wata doguwa ce take zaune a can kuma ba ta son hayaniya. Mafi tsawon abin da na taɓa hawa a rayuwata shi ne bayan kamiyo. Amma na ce a raina, abin da awaki suke yi kullum, ni da na kai ajin ƙarshe na kwalej zai gagare ni?

Washegari da sassafe muka kama hanya, mijin ya tsaya wajen kekensa. Madam ta sa wani takalmi mai kauri kamar na soja, ta kifa malafa, ta rataya gorar ruwa, ta yafa wani dogon gyale shuɗi. Ni kuwa falmaran, tabarau, sau-ciki, har da turare. Da gangan na bi da ita ta gaban rumfar su Habsu ko da yake ba nan ce hanya ba.

Hanyar ma ban san ta ba. Kashin awaki na dinga bi, ina nuna mata shi da yatsa kamar wata alama ce da kakanni suka bar mana. Hawan bai tayar mini da hankali ba, don fuskata tana kallon dutse, bayana yana kallon gari. Takalmin yana zamewa a kan tsakuwa, ina haki kamar an koro ni, amma lokaci-lokaci sai in ce, "Sannu a hankali Madam, ki taka inda na taka." Ita kuwa tana biye, tana ƴar waƙarta ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta tsaya ta tsinci dutse ta jujjuya shi ta ajiye. (Sai daga baya na gane ba dutsen ne ya dame ta ba, sarari take ba ni in yi gaba.)

Da muka kai bisa, wallahi na manta da gajiya. Saman a shimfiɗe yake kamar faifai, iska mai sanyi tana kaɗawa. Daga tsakiya, inda na tsaya, kana hango duniya har inda ido ya ƙare: gonaki an girbe, tafki yana ƙyalli, amalanke da raƙuma suna gangarowa ta hanyoyin rairayi daga wajen Sukukutane za su ci kasuwa. Ga gudron ya ratsa gari baƙi siriri kamar zaren da aka ja, kamiyo a kansa kamar ƙwaro. Na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji, na ce ashe haka garinmu yake da kyau ban sani ba. Madam ta zaro wani hoto daga jaka ta nuna mini gidansu. A bayan gidan wasu duwatsu ne da suka shige cikin gajimare, kawunansu fari da ƙanƙara. Ta ce tun tana yarinya take hawansu, mahaifinta ma sana'arsa ke nan, kai baƙi bisa. Namu in ka ajiye shi kusa da waɗannan, sai ka ce turmi aka kifa. Na tuna "ki taka inda na taka" da na yi ta faɗa, na gyara tabarau na kau da kai.

Sai ta ce in zo bakin gaɓa in tsaya ta ɗauke ni hoto, garin yana bayana. Hoto! Nan take na hango shi a hannun Habsu. Na taka da ƙwambo har baki, na gyara falmaran, sannan na yi kuskuren da ya jawo komai: na leƙa ƙasa don in ga ko ana hango rumfar fura.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙasa ta yi nisa, ta taso, ta kuma juya. Na durƙusa, durƙuso bai isa ba na zauna, zama bai isa ba na kwanta rub da ciki, na rungume wani dutse kamar ɗan'uwana da ya dawo daga Makka. Na runtse ido na kama karanta duk abin da na haddace, tun daga Fatiha har addu'ar shiga kasuwa.

Madam Irma, baiwar Allah, ta ɗauka ibada nake yi. Ta cire malafarta, ta koma gefe ta tsaya shiru don kada ta dame ni. Ta jira, ta jira. Sai da ta ga sallar ba ruku'u ba sallama, kuma mai sallar ya fara kiran Innarsa, sannan ta matso ta tsuguna kusa da kaina.

"Ka taɓa hawa nan kuwa?" ta tambaye ni a hankali.

Na girgiza kai, goshina yana gogar dutse.

Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina gode mata. Ta ce wannan ba komai ba ne, jiri ne na tsoron bisa, ta ga manyan ƙarti da ya kwantar. Ta ba ni ruwa, ta sa mini dabino a baki kamar mai buɗa-baki. Ta ce in tashi. Na ce mata ni da tashi sai dai in an kawo jirgi. Na roƙe ta ta sauka ta gaya wa Yayana ya dinga aiko mini da abinci, ni a nan zan ƙare rayuwata.

Da ta ga rana tana ɗagawa, sai ta warware gyalen nan shuɗi ta ɗaura mini a ƙugu, ta naɗe ɗaya bakin a hannunta. Ta ce kada in kalli ko'ina sai gwiwoyina, in zauna in dinga ja a hankali, ita tana riƙe da ni ta baya. Haka muka sauko. Gid yana gaba yana jan gindi a kan tsakuwa, baƙuwa tana baya riƙe da igiya kamar za ta kai bunsuru kasuwa. Wandona ya riƙe amana har tsakiyar hanya, daga nan ya ce ya gaji. Takalmi ƙafa ɗaya ya fice ya gangara wani rami, ko kallonsa ban yi ba. Tabarau kuwa ban ma san inda muka rabu ba.

Abin da ban sani ba shi ne wasu mata masu itace sun hango mu tun muna sama, kuma ranar kasuwa labari ba ya jiran mota. Kafin mu iso gindin dutse mutane sun taru. Na yunƙura in miƙe in yi tafiyar mutunci, ƙafafu suka ƙi, sai rawa suke. Fuskata ta yi toka-toka, leɓena yana karkarwa. Sai wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce:

"Wayyo! Doguwar dutsi ta taɓa shi! Ku ji turaren da ya hau mata da shi!"

Jama'a suka ɗauka. "Iska ce! Iska ta buge shi!"

To a nan ne na yi wautar da ta fi hawan dutsen. Ina jin haka sai na ga ƙofa ta buɗe mini. Wanda iska ta taɓa abin tausayi ne, ba a yi masa dariya. Matsoraci kuwa, a garin nan, har jikokinsa sai sun ji. Don haka na yi shiru, na langaɓar da kai, har na ɗan juya idanu sama don abin ya zauna. Aka cicciɓe ni aka ɗora a amalanken wani mai kara, aka rufa mini zane a inda wando ya yi murabus, aka ratsa da ni ta bakin kasuwa. Madam tana ta bayani da Faransanci ba mai ji, don mai fassarar ne a kwance. Can na daina jin muryarta.

A gida aka shimfiɗe ni a tabarma ƙarƙashin rumfa. Rashin sa'a, Gwaggo Tabizo, yayar babanmu, ta zo cin kasuwa daga Kore Mairuwa. Gwaggo tsohuwar ƴar bori ce, ba iskar da ba ta san sunanta da abincinta ba. Ta ɗaga mini fatar ido, ta shinshina kaina, ta ce:

"Ita ce. Na san aikinta. A nemo baƙar akuya, a kira mai goge tun ba ta zauna ba."

Ba ta rufe baki ba sai ga Yaya Sanusi ya kulle shago ya shigo da abokansa. Yaya yana cikin samarin ƴan kasuwan nan da suka rungumi wa'azi, gemu ya sauka, wando ya hau, ko kiɗan talla a rediyo ba ya bari ya ƙare.

"Gwaggo, ku yi haƙuri, ba a yanka ma kowa akuya cikin gidan ga. Ruƙiyya za mu yi mishi."

"Kai Sanusi, ranar da shawara ta kama ka kana jinjiri, wa ya tashe ka? Gemunka ko ni?"

Suka raba ni biyu kamar gado. Gwaggo ta ɗauki wajen ƙafafu, ta kawo kasko da garwashi, ta zuba wani turare mai warin ƙonannen gashi, ta lulluɓe ni da bargo. Yaya ya ɗauki wajen kai, ya durƙusa saitin kunnena yana karatu da iyakar muryarsa, abokansa suna yayyafa mini ruwan tofi. Hayaƙi ta ƙasa, ruwa ta sama. Na fara tari, idanuna suna zubar da hawaye. Gwaggo ta ce, "Kun gani, ta ji turare." Yaya ya ce, "Ya dai ji aya." Sannan ya matse mini babban yatsa ya daka tsawa:

"Kai wane ne? Hwaɗi sunanka! Mi ya kawo ka jikin yaron ga?"

In na faɗi sunana a ce aljanin maƙaryaci ne a ƙara matsawa, in na ƙirƙiro wani kuma na shiga uku. Sai na yi nishi kawai.

Ta gefen bargo nake leƙen tsakar gida. Maƙwabta sun cika. Ga Habsu a bakin ƙofa riƙe da ƙwaryar fura da ta kawo dubiya, idanunta sun yi ja. Har na fara jin daɗin haka, sai na ji uwarta tana yi wa wata raɗa, irin raɗar da kowa ke ji: "Allah shi ba shi lahiya. Amma irin wagga in ta kama mutum ba ta saki. Gara da anka gani tun magana ba ta yi nisa ba." Sannan na hango Innarmu. Tana zaune a ƙasa jikin turmi, ɗankwalinta ya zame, ba ta ihu ba ta magana, hawaye ne kawai suke zuba, tana kallon ƙafata mai takalmi ɗaya. Tun rasuwar babanmu ban ga ta yi irin wannan kukan ba. Nan duk dabarar ta fita daga raina, amma ban san ta inda zan ɓullo ba.

Ana cikin haka sai aka ji wata irin sallama mai karyayyen harshe, jama'a suka dare. Madam Irma ce da mijinta, wani ya nuno musu gidan. A hannunta ga takalmina, ga tabarau ido ɗaya ya fashe. Ashe da aka ɗora ni a amalanke, komawa ta yi ta sake hawa dutsen ita kaɗai ta tsinto su, ta sauko, ko haki ba ta yi. Ta dubi hayaƙi, ta dubi masu tofi, ta dubi Inna, sai fuskarta ta canza. Ta tsuguna gaban Inna, ta kama hannunta, ta yi mata magana mai tsawo a tausashe.

Inna ta waiwayo. "Mi ta ce?"

Aka dubi juna. Yaya karatunsa na Sakkwato ne, Larabci ya sani. Abokansa ma haka. Duk gidan nan mai jin Faransanci sosai mutum ɗaya ne, kuma yana ƙarƙashin bargo.

Na yaye bargon na tashi zaune. Gwaggo ta ja da baya, Yaya ya ɗaga hannu cikin shiri.

"Inna, cewa ta yi ku bar kuka, lahiyata lau."

"To mi ya same ka?"

Na dubi Madam, ta gyaɗa mini kai. Na dubi Habsu. Na dubi tabarma.

"Ta ce tsoro ne."

"Tsoron mi? Mi ka gani can?"

"Ban ga komi ba, Inna. Ƙasa na leƙa, na ga ta yi nisa."

Yaya Sanusi ya saki yatsana a hankali. "Kana nuhin ba kowa jikinka?"

"Ni kaɗai ne, Yaya."

Wanda ya fara fashewa shi ne Yaya. Mutumin da tun da ya ajiye gemu ba a ga turamen haƙoransa ba, ya kifa kai a gwiwa yana dariya har hularsa ta faɗi. Abokansa suka bi, sai gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Habsu ta dire ƙwaryar don kada ta zubar, ta zauna a dokin ƙofa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Inna ta tashi ta ɗauki mafici, tana dukana tana dariya, hawayen ba su ma bushe ba. "Ɗan banza! Ka tsinka mini hanji a kan wanga? Dum mi ba ka hwaɗi ba tun ɗazu?" Na zabura zan gudu, na tuna halin da wandona yake ciki, na koma na zauna na ja bargo.

Hukuncin da aka yanke mini shi ne Madam ta ba da labarin tun daga farko, ni in fassara. Duk inda na so in tsallake, sai ta gane daga fuskokin mutane cewa an yi mata ragi, ta tashi ta kwatanta da jikinta. Har kwanciya ta yi a tsakar gidanmu ta rungume turmi. Gwaggo kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta kwashe kaskonta ta ce, "Ku yi ta yi. Shi tsoron wa ya sa mishi? Haka kawai ƙato ya kwanta ya rungumi dutsi?" Har ta koma ga Allah ba ta janye wannan magana ba.

Na sake wando na bi Yaya masallacin Juma'a, don ya ce ko da jan gindi ne sai na je. Duk wanda na ba hannu sai ya riƙe ya tambaye ni ƙarfin jiki, ya ƙara da, "An ce kai kaɗai ne ciki?" Kafin mu dawo Inna ta ɗora tukunya. Baƙar akuya ta tsira, zabi ne suka tafi a madadinta. Baƙin suka zauna a tabarma suka ci tuwo da hannu, yaji ya kama Mushe Pol yana hawaye yana miƙa kwano a ƙara. Gwaggo da Madam kuwa suka zauna kafaɗa da kafaɗa, wannan na Hausa wannan na Faransanci, ba mai jin wata, amma hira suke har da tafawa. Gwaggo ta ƙunsa mata lalle a tafin hannu, ta juyo ta ce mana, "Wagga tsohuwa tana da nata mutanen, kuma ba ƙanana ba ne."

Da safe rabin unguwa ya fito bakin gudron rakiya. Yaya ya cusa musu shayi da sukari da dabino a jaka, uwar Habsu ta cika musu gora da fura. Madam ta dafa kafaɗata ta ce in na ƙara hawa in tsaya a tsakiya, kallon ya fi kyau daga can. Na ce mata daga benci ma ba laifi. Suka hau kekunansu suka miƙi hanyar Ƙonni, muna ɗaga hannu har suka zama ɗigo biyu, wani kamiyo ya rufe su.

Na daɗe ina kai-komo kafin in yi ƙarfin halin tsallakawa rumfar fura. Habsu ba ta ɗago ba, ta dama ta turo mini, tana cije leɓe.

"Inna ta ce a hwaɗa maka, tsoro ba ya hana aure. Ta ce ya ma hi, ba ka zuwa inda za ka halaka ka bar ni da ɗiya."

Ita ce uwar ƴaƴana yanzu. Sunan da garin ya laƙaba mini kuwa, Bunsurun Madam, ya bi ni har wajen ɗaurin aure, har yau akwai direbobin da ba su san ina da wani suna ba. Annasara sun daina biyowa tun da hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, kuma ba na ɓoyewa, muna kewarsu. In na ga tsoho a kan keke ya ɓullo daga yamma, sai na ɗan miƙa wuya.

Bara da damina kwanon ɗakinmu ya fara yoyo, aka jingina tsani, maƙwabcina ya hau ya toshe, ni na riƙe masa daga ƙasa. Habsu ta shaida duk unguwar ba wanda ya kai ni iya riƙon tsani. Abin da na koya dai bai da yawa. In baki ya matsa maka sai ka yi cika-baki, to ka zaɓi abin da ake yi a ƙasa, inda ko ka faɗi ba nisa. In kuma asiri ya tashi tonuwa, ka amsa da wuri, tun kafin dangi su hura garwashi.